Wai AI zai sauƙaƙa wa ma'aikaci ko zai raba shi da kujerarsa?

Injiniya: Salam jama'a. Jiya na yi magana aka yi min caa, to bari in maimaita ta. Duk ofishin gwamnatin da ke karɓar takardun mutane ya kamata a saka masa AI, wato ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, kuma ma'aikacin wurin shi zai fi kowa cin moriya. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja, ban da ihu.

Tsohon Akawu: Yaro, shekara 31 na yi a bayan tebur. Duk ranar da ka ji manya sun ce za a sauƙaƙa muku aiki to ka fara ƙirga kujeru, mutum goma za su koma huɗu, aikin goman kuma ya hau kan huɗun, albashi yana nan inda yake.

Injiniya: Baba ban ƙi ta taka ba amma ga abin da aka auna. A 2023 masana daga jami'o'in Stanford da MIT na Amurka sun bi ma'aikata sama da 5,000 masu amsa koken kwastoma, da aka ba su AI saurin aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100, sababbin shiga ma kashi 34, tsofaffin hannu ne ba su ga wani bambanci sosai ba. Kenan ƙaramin ma'aikaci ya fi ɗagawa.

Ɗan Ƙungiya: To kashi 14 ɗin aljihun wa ya shiga? Wannan ai kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. Kamfanin hada-hadar kuɗi na Klarna a 2024 da bakinsu suka ce AI ɗinsu yana aikin mutum 700, ba su ce mutum 700 sun samu hutu ba. Kuma ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO a rahotonta na 2023, eh ta ce yawancin ayyuka taimaka musu zai yi ba share su ba, amma ta ce aikin akawu da sakatare ne a bakin wuta, kuma mata abin zai fi taɓawa.

Nas: Ni dai ku tsaya ku ji ta bakin mai aikin dare. Wlh rabin dutina a rubutu yake tafiya, sunan mara lafiya ɗaya sai in rubuta shi a wuri huɗu, kati, rajista, takardar magani, rahoton miƙa aiki, ga wani can gadon ƙarshe yana ta kira ina cewa ina zuwa. In akwai abin da zan yi wa magana ya rubuta min, na karanta na sa hannu, ina so yau ba gobe ba. Ba mu ma isa ba balle a ce za a rage mu.

Ɗan Ƙungiya: Sista naki daban ne, ke hannunki ake buƙata a jikin mutum.

Malama Lauya: Ku duk kuna maganar wanda ke bayan tebur, ni wanda ke gaban tebur nake ji. A Holand hukumar haraji ta yi amfani da tsarin kwamfuta mai zaƙulo waɗanda ake zargi da cuta a tallafin renon yara, har zama ɗan ƙasa biyu ya shiga cikin abin da ke jawo wa mutum zargi, iyaye kusan 26,000 aka ɗora wa laifin da ba su yi ba aka ce su maido kuɗi, wasu gidajensu suka watse. Janairun 2021 gwamnatin Mark Rutte gaba ɗaya ta yi murabus a kan wannan. Ostireliya ma ga Robodebt, tsarin kwamfuta na gwamnati mai bin bashin kuɗin tallafi, daga 2016 zuwa 2019 ana aika wa talakawa takardar bashin ƙarya. Gani ga wane fa.

Injiniya: Barista Robodebt ba AI ba ne, lissafi ne kawai, a ɗauki kuɗin shigar mutum na shekara a raba daidai kan kowane sati biyu kamar kullum yana aiki.

Malama Lauya: Ai ka ƙara min ƙarfi. Lissafin da ɗan sakandare zai gano kuskurensa sai da ya yi shekaru ana cutar mutane da shi, don kowa a ofis yana cewa haka na'ura ta fitar. To ina ga wanda su kansu masu ƙera shi ba sa iya faɗa maka dalla-dalla dalilin da ya sa ya ƙi ka?

Tsohon Akawu: Bari in faɗi wadda ba ta goyon bayana, don kar a ce na ɓoye. Fayil ɗin fanshona wata bakwai ana ce min yana sama, ran da na matsa na shiga ɗakin da kaina, a ƙasan tebur na same shi an ɗora ƙafa a kai, bangon har ya yi shatin takalmi. Mutum ne ya yi min haka ba inji ba. Amma dai na san fuskar wanda zan tsaya a kansa, kuma ranar ya ji kunya ya sa hannu.

Injiniya: To kun gani. A Estoniya ba za a taka fayil ɗinka ba don babu fayil ɗin ma, tun 2001 suka haɗa rumbunan bayanan hukumominsu da X-Road, abin da ka ba wa ofis ɗaya ba sai wani ya sake tambayarka ba.

Ɗan Ƙungiya: Shi ma ba AI ba ne ai, gyaran gida suka fara yi. In sunan mutum an rubuta shi iri uku a ofis uku, AI mutum uku zai gani, ko ya ce ɗan damfara ne. Ni ba cewa nake kar a kawo ba, a zauna da mu tukun. Marubutan fim na Amurka kwana 148 suka yi suna yajin aiki a 2023 kafin a rubuta musu iyakar AI a yarjejeniya, ba kyauta aka ba su ba.

Malama Lauya: Dokar AI ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Agustan 2024 ma ta sa ɗaukar ma'aikata da rabon tallafi cikin masu babban haɗari, dole mutum ya riƙa sa ido.

Injiniya: Naji, na janye kalmar "duk". Ya rubuta, ya tace, ya nemo fayil, amma hana mutum haƙƙinsa sai da sa hannun ɗan adam. Sauran maganata tana nan daram.

Tsohon Akawu: Ɗan adam ɗin da za a tara wa takarda 400 a rana ya sa wa hannu, karantawa zai yi ko danna "na amince"?

Nas: Ni kam na tafi duti, in kun gama ku ajiye min amsar Baba in gani da safe.