Takalman China sun hana nawa tafiya, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema, abin nan ya hana ni barci. Ina da ɗan wajen ɗinkin takalma a Kano, sandal na maza da na 'yan makaranta, ni da yara 5. Fata da gam da sol duk a Ƙofar Wambai nake saye, to gam ɗin ma daga waje ake shigo da shi, dala na motsawa kuɗinsa ya tashi, ga wuta ba tabbas, kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 kunna janareta ya zama sai ta kama dole.

Idan na kai kaya Sabon Gari sai dila ya ɗauko na China ya ajiye kusa da nawa, roba ce mai sheƙi a kwali mai kyau, kuma kuɗin da ya saro shi bai kai abin da na kashe ba tun kafin in sallami yara. Wallahi nawa fata ce ta gaske, ya fi nasu ƙarko nesa ba kusa ba, amma mai saye aljihunsa yake dubawa, ban ga laifinsa ba.

Na rage farashi, jari ya fara narkewa. Na sa a Facebook da WhatsApp, ana ta yabawa amma ciniki kaɗan.

To masu sana'a, in koma roba in bi su a araha, ko in tsaya kan fata in nemi odar makarantu? Kuma akwai wanda ya taɓa karɓar rancen Bankin Masana'antu ya sayi inji? Rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, ta isa ko sai da jingina?