Mi za mu kira "metro" da tasharsa da Hausa?

Ƙanena da ke aiki a Paris ya aiko wa Inna saƙon murya, ya ce ya makara ne don ya ɓace cikin "metro". Inna ta juyo ta ce mini, "Kai, wane gari ne kuma wannan?" Na buɗe baki, na rasa kalma guda da zan ba ta. Jiya da dare na kai maganar fada, tukunyar shayi har ta uku ba mu shirya ba.

A rediyo "jirgin ƙarƙashin ƙasa" ake cewa. Babu kuskure a ciki, amma gwada faɗin tasharsa: tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa. Kafin ka gama, jirgin ya tashi.

Wani ya kawo "jirgin rami". Na so ta da farko, sai wani dattijo a cikinmu ya ce, "Ɗana, ba za ka ce wa uwa ɗanta yana shiga rami safe da yamma ba." Kuma akwai wata matsalar. Alhaji da ke zaune da mu ya tuna mana jirgin Mina, Muzdalifa da Arfa wanda ya fara aiki a 2010. Shi ma metro ake ce masa, alhali a kan gada yake gudu, babu rami ko ɗaya.

Ita kalmar ma ba ramin take nufi ba. Ta fito daga sunan kamfanin Metropolitan, wanda ya buɗe layin farko a duniya a Landan ranar 10 ga Janairu 1863. Ma'anarta abin babban birni. A lokacin titi ake tonewa, a shimfiɗa dogo, a rufe da rufi, jirgin kuwa na gawayi ne, hayaƙi ya cika wurin. Sai a 1890 aka samu na lantarki mai zurfi. Paris ta buɗe nata ranar 19 ga Yuli 1900, Alƙahira a 1987, ita ce ta farko a Afirka.

Ni dai na tsaya kan aro: metiro, tashar metiro. Ai ita "tasha" ɗin ma aro ce, "mota" ma haka, ba wanda ya taɓa kai ƙara. Kuma in dogon Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya ya iso, "jirgin ƙasa" zai samu mai shi, gara mu bar masa sunansa.

Inda Hausa ke da abin faɗa shi ne cikin tashar, don fasalinta na gidan Bahaushe ne, an dai juya shi ƙasa. A bakin titi akwai ƙofa da matakala. Ka sauka, sai falon da ake sayen tikiti, a wuce shingen ƙarfe. Wannan zaure ne, don nan ake tsayar da baƙo kafin ya shiga ciki. Wurin jiran jirgi, wasu sun ce dandamali. Na ƙi, don kunnena na jin taron siyasa. Dakali ya fi: tudu ne, kuma zaman jira ake yi a kai. In yana tsakanin dogo biyu, dakalin tsakiya. In biyu ne suna kallon juna, dakalin gefe. Hanyar da jirgin ke bi ita ce kawai rami.

Tashar da ƙanena ya ɓace ciki ita ce Châtelet, ana furta ta Shatle. An buɗe ta a Agusta 1900 da layi ɗaya, aka yi ta ƙara wasu har 1998, yau layuka biyar ne. Kowane an haƙa shi a zamaninsa, aka yi ta haɗa su da dogayen hanyoyin ƙafa. Waɗannan lunguna ne, tashar kuma mahaɗa. Sunanta na wani tsohon ginin tsaro ne da ya zama kurkuku, aka rushe shi zamanin Napoleon.

Da safe na ce wa Inna: ya sauka zaure, ya bi lungun da ba nasa ba, ya fito kan dakalin wani jirgi. Ta ce, "To, kamar baƙo a Babbar Kasuwa ranar Juma'a."

Matakalar nan mai tafiya da kanta ce ta rage. "Matakalar lantarki" nake da ita, mai wadda ta fi ya kawo.