Neman shawara: ɗana ya san dalar Masar, bai san Dala ba

Maman Abba, Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana da shekara goma, yana aji biyar na firamare. Kawunsa ya kawo masa tsarabar wani littafin Turanci mai zane-zane a kan tsohuwar Masar, kuma tun daga ranar ba shi da zance sai na fir'aunoni da Kogin Nilu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, rannan muna wucewa ta gindin Dala a adaidaita sahu na tambaye shi ko ya san waɗanda suka fara zama a wurin, sai ya yi shiru, alhali daga ƙofar gidanmu ana hango dutsen. Na zaga wajen masu littattafai a Sabon Gari, amma abin da na samu ko dai na makaranta ne mai rubutu cunkus, ko kuma na ƙasashen waje. Don Allah ina zan samu littafin tarihin Kano mai zane wanda ya dace da shekarunsa?

Malamin firamare, Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya irin wannan littafi yana da wuyar samu, domin zane mai launi yana cin kuɗi wajen bugawa, masu ɗab'i kuwa sun fi karkata ga abin da makarantu za su saya da yawa. Shawarata ita ce kada ki zauna jira. Ki nemi Kano ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, ki riƙa karanta masa kaɗan-kaɗan bayan sallar isha'i, kina sauƙaƙa masa Hausar, sannan ki ba shi takarda da fensir mai launi ya zana abin da ya ji. Ki fara da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, saboda abin da ya bari yana nan yaro zai gani da idonsa, wato gidan sarki da Kasuwar Kurmi. Jerin sunayen sarakuna da shekarunsu kuwa ki bar shi sai nan gaba, shi ne ke sa yara hamma a aji.

Mai zane, Kofar Mata:
Ranki ya daɗe, ni zane ne sana'ata, kuma a kansa zan ja hankalinki. Yaro ya fi gaskata hoto a kan rubutu, don haka idan zanen ya yi kuskure, kuskuren ne zai zauna masa. Na taɓa ganin wani littafin yara da aka zana ganuwar Kano da duwatsu jere kamar fadar sarakunan Ingila, alhali da ƙasa aka gina ta, tun daga zamanin Sarki Gijimasu. Haka kuma duk fuskar da kika gani an ce ta Bagauda ce, wanda aka ce ya fara sarauta a 999, ko ta Barbushe, jagoran mazauna Dala na dā, ki gaya masa cewa mai zane ne ya ƙiyasta, domin babu wanda ya ɗauke su hoto. Ki kai shi Gidan Makama, wato gidan adana kayan tarihi na Kano, ya ga tsofaffin hotuna na ainihi da kayan yaƙi, sai ya fara rarrabe abin da aka ɗauka da abin da aka zana.

Hajiya Babba, Yakasai:
'Yata, duk littafin da za ki saya ki buɗe shi shafi-shafi tukuna, musamman na waje da ya taɓo tarihin annabawa, domin wasu sukan zana siffarsu. Na Masar ɗin kuma kada ki karɓe masa, shi ne ya buɗe masa sha'awar.

Maman Abba, Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na ba shi labarin Barbushe da Tsumburbura, abin bautar mutanen Dala na dā, ya zana dutsen da wani ƙaton mutum a samansa, sai dai ya sa masa hular fir'auna. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu je Gidan Makama. Malam, idan akwai shagon da ka san ana samun littafin Waziri, a taimaka mini da kwatance.