Neman kalma: me za mu kira "mosaic" na gidajen Romawa?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Gobe da safe zan karanta rahoto a rediyo kan katafaren gidan Romawa da aka tono a Rutland ta Ingila. A 2020 ɗan wani manomi ya yi kiciɓis da shi a gonar mahaifinsa. A ƙasan wani ɗaki, tsawon mita 11, faɗi kusan 7, an jera 'yan ƙananan duwatsu masu launi har suka fitar da hoton faɗan Akilis da Hekta, jarumai biyu na tatsuniyar Girkawa, a yaƙin Turoyi. A taimaka da kalma.

Malamin Tarihi: Daɓen zane. Ai daɓe ne, zane kawai aka ƙara masa.

'Yar Damagaram: Mu nan mozayik muke cewa.

Baban Nahawu: Hajiya, wannan Faransanci ne ya sa hula. Na daɗe ina cewa ZANTSAKU: zane da tsakuwa. Gajere, ga daɗin faɗi.

Malamin Tarihi: Malam, manomi a Bichi ya ji zantsaku zai ɗauka sunan magani ne. Daɓe kuwa kowa ya san shi: mata da madaɓi, ana yayyafa ruwan makuba.

Baban Nahawu: Buga daɓe ake yi, wannan kuwa jera shi ake yi, ƙwaya-ƙwaya, a kan farar ƙasa. Ka je ka daki na gidan Romawa na Fishbourne a Ingila da aka gano a 1960 ka gani! Kuma mozayik da tayil duk raina harshe ne.

'Yar Damagaram: To rediyon da zai yi magana a ciki fa, kakanninmu suka raɗa masa suna? Ku in kun aro Turanci Hausa ce, mu in mun aro sai a ce mun ɓata.

Baban Nahawu: Ban ce Kano ta fi ba, Hajiya.

Mai Fassara: Don Allah a dawo. Akwai na gidan Romawa na Chedworth a Ingila ma a rahoton, wanda bincike ya nuna an shimfiɗa shi a ƙarni na 5, bayan mulkin Romawa ya ƙare a Birtaniya. Sau huɗu kalmar za ta fito.

Malamin Tarihi: To "daɓen tsakuwa mai zane" a karon farko, daga nan "daɓen zane".

Baban Nahawu: Tunda tsakuwata ta shiga, na yi shiru. Amma a ajina zantsaku za a ci gaba da cewa.

'Yar Damagaram: In aka samu irinsa a bango kuma, daɓe ne?

Mai Fassara: Na gobe duk a ƙasa suke. Na gode, Allah ya saka.