Me ya sa ba a kankare koren da ke jikin mutum-mutumin tagulla?

Ɗan Zangon Gabas:
Assalamu alaikum, malamai. Na ga hoton El Caballito, mutum-mutumin Sarkin Sifen Carlos na IV bisa doki da ke birnin Meziko, na kuma ji cewa wanke shi da aka yi a 2013 ya jawo ce-ce-ku-ce. A gida iyayenmu mata kan goge tasa da toka da lemun tsami har ta yi ƙyalli, to mene ne laifin yi wa mutum-mutumi haka?

Tsohon Maƙeri:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tasa ana ajiye ta a ɗaki, shi kuwa wannan doki, wanda Manuel Tolsá ya ƙera aka kafa shi a 1803, ya shafe sama da shekara 200 yana shan rana da ruwa. Dattin da ka gani ya yi duhu ko kore ya zama fatar ƙarfen, domin yana rage yadda iska da laima ke cinsa. Waɗanda aka ba kwangilar sun watsa masa ruwan asid mai ƙarfi, ya cinye wannan fata, jiki ya yi dabbare-dabbare, sai hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar, INAH, ta dakatar da aikin. Gyaran ɓarnar bai kammala ba sai 2017. Ƙwararru kan wanke da ruwa da buroshi mai laushi, su bari ya bushe, sannan su shafa kaki siriri, a riƙa sabunta shi lokaci-lokaci.

Malama Mai Zane:
Gaskiya ne, Baba, amma kada a manta da dutsen da aka ɗora mutum-mutumin a kai. Ruwan da ya gangaro daga tagulla yakan bar zane kore a jikin dutse mai wuyar fita, ƙusoshin baƙin ƙarfe da ke riƙe da duwatsun kuma idan suka yi tsatsa sai su kumbura su tsaga su. Cike tsagar da siminti kuskure ne, domin ya fi dutsen tauri kuma yana tsare laima a ciki. Kwaɓin farar ƙasa ya fi dacewa. Ba kowane kore ba ne kariya, domin wanda hayaƙin motoci ke haifarwa yakan rarake ƙarfe, shi ya sa a birnin Rum aka sauke mutum-mutumin tsohon sarkin Rumawa Marcus Aurelius bisa doki a 1981, aka gyara shi aka shigar da shi gidan tarihi, aka kafa kwafinsa a dandalin da aka sauke shi a 1997.

Ɗan Zangon Gabas:
Allah ya saka da alheri. Ashe tokar iyayenmu ba ta dokin Tolsá ba ce.