Yaro mantawa yake yi, ko shiru kawai yake yi?

Anti Rabi: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Ɗan ƙanwata, shekararsa 9, yana hannuna tun da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu a wajen Batsari, wata huɗu ke nan. Ya koma fitsarin kwance, kuma in ya ji ƙarar babur da daddare sai ya shige ƙarƙashin gado. Maigidan ya ce kada a ƙara ta da zancen, yaro mantuwa gare shi.

Kawu Isa: Wa alaikumus salam. Rabi, gaskiya mijinki ya faɗa. Mu mun ga farin 1973, dabbobi na faɗuwa a gabanmu, muka kwana da yunwa. Ba wanda ya zaunar da mu yana tambayar me ke ranmu, ga mu nan da ranmu da lafiyarmu. A rage masa ruwa da yamma, in ya sake a tsawata masa. Namiji ne.

Yaya Hauwa: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Wanda ya manta ba ya ɓuya don ya ji babur. Shekarata goma sha biyu a ɗakin yara na asibiti, na ga irinsa da yawa: ciwon ciki ba dalili, firgita cikin barci, faɗa da ƙanne. Baki ya yi shiru, jiki yana faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa kafin shekara 14 suke somawa. Tsawa tsoro za ta ƙara masa, tsoron kuwa shi ke kawo fitsarin.

Malam Bashir: Kawu, Manzon Allah (SAW) ya tarar da Abu Umair, ƙanen Anas, yana baƙin cikin mutuwar ɗan tsuntsunsa, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Shi kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Ina namijin da ya fi shi?

Kawu Isa: Sallallahu alaihi wa sallam. Ban musa ba, Malam. Tsorona a ɗauki yaron nan a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, gari ya ɗauka ya taɓu. Wannan sunan ba ya goguwa har ranar neman aurensa.

Gwaggo Asabe: Ni rabi ina tare da Isa. Akwai gidajen da duk baƙon da ya zo jaje sai a kira yaro a ce "zo ka ba su labari". Wannan fama ciwo ne, a daina.

Yaya Hauwa: Gwaggo, wallahi kin yi gaskiya. Kada a matsa masa, kada kuma a rufe masa baki in shi ya kawo zancen. Anti, ki bar shi ya riƙa kwana kusa da ke, da fitila a kunne. Ki shimfiɗa leda a katifa, ki wanke zanen ba tare da yaran gida sun sani ba, don tsokanarsu ta fi jiƙar ciwo. Lokacin abinci, makaranta da barci su zama ba sa canzawa. A tofa masa addu'a, a kuma kai shi asibitin kusa a duba fitsarin, ko sanyin mara ne ko suga. Likitan zai faɗa in da bukatar ganin na ƙwaƙwalwa. Kawu, ba wanda ya ce Dawanau yau.

Kawu Isa: Gwajin fitsarin na yarda. Sauran kuma a bi a hankali.

Anti Rabi: Na gode ƙwarai. Malam, maganar tsuntsun nan ta tsaya mini a rai. Shekaranjiya ya tambaye ni ko an tafi da akuyarsa, na ce masa ya bar zancen. Bari ya dawo daga Islamiyya in tambaye shi ita.