Tsofaffin hotunan jiragen ruwa masu tururi: wanne za a saya, yaya za a adana?

Ɗan Lakwaja: Salamu alaikum jama'a. Wanda yake son fara tara tsofaffin hotunan bugu na jiragen ruwa masu tururi, daga ina ya kamata ya soma? Kuma yaya ake bambance na asali da kwafi?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. In kyau ake nema, a fara da na kamfanin Currier & Ives na birnin New York, wanda ya yi aiki da wannan suna daga 1857 zuwa 1907. Bugun dutse suke yi, wato a zana hoto a kan dutse a buga shi a takarda da baƙin tawada, sannan ma'aikata su bi su shafa launi da hannu. Jiragen kogin Misisifi suna cikin shahararrun hotunansu: tseren dare tsakanin jiragen Natchez da Eclipse da Fanny Palmer ta zana a 1860, da tseren 1870 da jirgin Robert E. Lee ya ci, daga New Orleans zuwa St. Louis cikin kwana 3 da awa 18 da minti 14. Ƙaramin bugu ya kan kai inci 8 da 12 da rabi, shi ne mai sauƙin kuɗi. Babban ya haura inci 14 da 20.

Baba Mai Firem: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai waɗannan su aka fi kwafewa, har a kalanda. Ɗana, kada ka biya ko sisi sai ka ɗora gilashin ƙara girma mai ninki 10 a kan hayaƙin jirgin. In ka ga ɗigo-ɗigo a jere kamar raga, ja da shuɗi da rawaya, bugun inji ne na zamani. Na asali za ka ga tsakuwa-tsakuwa marasa tsari, kamar an goga alli a kan dutse, launin kuma ya ɗan tsallake layi nan da can, don hannu ne ya shafa. Sai tocilan nan ta duba kuɗi: haska takardar cikin duhu. In ta yi ƙyalli shuɗi fat, akwai sinadarin ƙara fari, wanda sai wajen 1950 ya shiga sana'ar takarda.

Hajiya Mai Taska: A ƙara da gefe. Bugun dutse ba ya barin shaidar faranti. Sassaƙen farantin ƙarfe ko na tagulla kuwa yana barin ɗan lotsawa kewaye da hoton, yatsa ma yana ji. Wanda aka datse gefensa har aka ci rubutun ƙasa, inda sunan mabugi da adireshi suke, darajarsa ta faɗi sosai.

Malamin Tarihi: Tunda kai ɗan bakin Kwara ne, ga wanda ya fi kusa da mu. A 1832 Turawan Birtaniya Macgregor Laird da Richard Lander sun shigo kogin da jirage biyu, Quorra da Alburkah, wato Kwara da Albarka. William Allen, sojan ruwan da ya raka su, ya zana wuraren da suka ratsa, aka buga a Landan a 1840. Ayarin 1841 kuma ya zo da jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan. Waɗannan bugu suna da wuyar samu. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi shafukan jaridar Illustrated London News, da ta fara fita a 1842. Sassaƙen katako ne, kuma yawanci akan ga rubutun labarai a bayan shafin. In bayan fari ne fes, a yi hattara.

Ɗan Lakwaja: Na gode ƙwarai. To Baba, in ya zo hannu, a kai shi a yi masa laminatin?

Baba Mai Firem: A'a, don Allah! Robar nan zafi ke manne ta, ba ta ɓaruwa sai da fuskar hoton. Haka salatef: gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa. Ana rataye hoto ne daga sama kawai, da 'yan zirin takardar Japan guda biyu da kunun sitacin alkama: sitaci kashi 1, ruwa kashi 5, a dafa ana juyawa har ya yi garai-garai, a tace, ya huce. Ƙasa da gefuna a bar su sake, don takarda tana buɗewa da damina ta tsuke da hunturu; in an ɗaure ta ko'ina sai ta yi tudu-tudu. A sa kwali marar asid mai taga a gaba don kada ta taɓa gilashi, wani kuma a baya. Tsohon allon katako da ake samu a bayan firem a cire shi, shi ke buga wa hoto layukan ruwan ƙasa.

Hajiya Mai Taska: Wurin ratayewa ma. Danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 da 55 cikin ɗari. Ya wuce 65, fumfuna za ta fito. Kada a rataye a bangon da ruwan sama ke duka ta waje, ko inda rana ke faɗawa, don jan launi ke fara koɗewa. A liƙe bayan firem da takarda saboda ƙurar hunturu da kyankyasai, a sa 'yan ƙusoshin roba a kusurwoyin ƙasa iska ta riƙa ratsawa, a kuma sauke shi a duba gara kowace damina. Tabon da ya riga ya fito kuwa, kada a kusance shi da bilic.